Kiran Gayyar da Bai Bar Wayata Ba

Ko na tsufa har na fara rikita sunayen jikokina, ba na jin zan manta ranar da na dafa abincin gayya, na shimfiɗa tabarmi a bakin gonata, na zauna ina jiran mutanen da babu ko ɗaya a cikinsu da ya san ina jiran sa. Shekaru sun wuce, har abin ya zama na dariya a gidanmu. Amma a ranar, wallahi ban ga abin dariya ba.

Ni mutuniyar Gummi ce. Ina da gonar shinkafa a fadama, wadda ta dawo hannuna bayan rasuwar maigidana, kuma tun daga lokacin ban yarda wani ya riƙe mini ita ba. Boko kuwa sai da na aurar da 'yata sannan na shiga, ajin manya da ake yi da yamma a wata firamare. Yaƙi da jahilci suke ce masa. Tun ranar farko na gaya wa malamarmu cewa ni ba jahila ba ce, karatu ne kawai ban iya ba. Baƙuwa ce daga kudu, Kirista, mai haƙuri kamar me. Ta yi dariya ta ce ta yarda. Cikin ikon Allah na iya haɗa baƙi, na iya rubuta abin da ke bakina. Duk wanda ya koyi abu da furfura a kansa ya san yadda ake ji: so kake duniya duka ta gani.

Mijin 'yata ma'aikaci ne a Anka, aikin kwamfuta yake yi. Shi ya haɗa wa ƙungiyarmu ta manoman shinkafa wani shafi a intanet. In kana da sanarwa, sai ka buɗe shafin a babbar waya, ka rubuta, ka danna, shi kuma ya rarraba ta zuwa ƙananan wayoyin 'yan ƙungiya duka. Ni ina da babbar waya, 'yata ta ba ni. Ga karatu sabo, ga waya, ga shafin da surukina ya yi da hannunsa. Ai kun san ba za a ji kunnena ba.

A shekarar na makara da dashen noman rani, injin ban ruwa ya ɓata mini lokaci. Shinkafar ba ta nuna ba sai da damina ta kawo kai. Kullum da yamma gabas sai ta yi baƙi. Wanda ya san fadama ya san in ruwan farko mai ƙarfi ya sauka, gulbi ya motsa, abin da ke tsaye a gona ya zama na kifi. Ga azumi saura kaɗan, kuma ba mai zuwa maka gayya da ƙishirwa. Abincin shekarata ke nan a tsaye, dole a yanke shi cikin makon.

Yadda muka saba, in aiki ya fi ƙarfin gida ɗaya, goro ake ɗauka a kai wa sarkin gayya, mutumin da ke tara maza. In ya karɓa ya ce Allah ya kai mu, magana ta zauna. Ni kuwa ina tsaye a bakin gona da yamma, na ga zangarniya ta sunkuya, ƙwaya har ta fara zuba, sai na ce me zai sa in taka har cikin gari? Na kwance waya daga bakin zane, na buɗe shafin, na rubuta a hankali, baƙi bayan baƙi, cewa ina gayyar yankan shinkafa ranar Laraba da safe a gonata ta fadama. Na karanta, na sake karantawa, ba kuskure. Na danna.

Ban ma ɗauke yatsa ba rubutuna ya hau can sama, ga wata 'yar alama koriya a gefensa, an rubuta "An aika". Na ce kai, madalla da wannan yaro. Nan take na kashe data kamar yadda 'yata ta koya mini don kada ta ƙare a banza, na ɗaure wayata, na kama hanyar gida ina jin kaina kamar gwamna.

Maƙwabciyata, wadda muke komai tare, ita na fara nuna wa. Ba ta karatu, amma ta ga koren. Ta ce, "To, ba ki kai goro?"

Na ce, "Goron mi? Ba ki ga an aika ba? Yanzu haka shina cikin aljihun kowa."

Ta ce, "Ni dai da ke ce, da na leƙa."

Ban leƙa ba. Abin da nake leƙawa shi ne wayar. Safe da yamma sai na buɗe in kalli rubutuna yana nan zaune da korensa, in ji daɗi, in rufe. Ban kunna data ba, ban taɓa komai ba, don kada in ɓata shi.

Ranar Talata muka wuni aiki. Muka yi hoce, gasasshiyar wainar dawan nan tamu, muka daka fura, na sa matan Fulani suka kawo nono mai kyau. Laraba tun da asuba muka tuƙa tuwon dawa, miyar kuka da busasshen kifi, irin wadda in namiji ya sha zai yi yanka har la'asar bai ɗago ba. Aka loda a amalanke aka kai bakin gona. Muka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin wata giginya, muka jera kwanoni, muka zauna.

Rana ta fito. Na ce maza ne, sai sun gama shan kunu. Rana ta ɗaga. Na ce wataƙila taruwa suke su zo gaba ɗaya. Duk babur ɗin da ya taso ƙura a kan hanya sai na miƙe, shi kuma ya wuce abinsa. Tsuntsaye kaɗai suka amsa gayyar, su kam sun zo da danginsu. Da hantsi ya yi sosai, na ga inuwar giginya ta janye ta bar kwanonin a rana, sai na miƙe. Na ce wa maƙwabciyata ta tsare abincin. Na tari ɗan acaɓa, na ce cikin gari.

Sarkin gayyar nan taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, don haka tun muna yara bawana nake ce masa, shi kuma ya ce mini uwar ɗaki. Na same shi gindin bishiya wajen mai gyaran inji, da mutane kewaye. Ban yi sallama mai tsawo ba.

Na ce, "Kai bawa, mi na yi maka da za ka tozarta ni? Na yi kira, ka hana mutane zuwa, ka zo nan ka miƙe ƙahwa?"

Ya ce, "Uwar ɗakina, lahiya? Wane kira?"

"Gayyata ta yau!"

"Wace gayya? Wa kinka aiko?"

Na ce ban aiko kowa ba, a shafi na sa. Ya laluba aljihu ya fito da 'yar wayarsa mai ɗaure da roba, ya duba, ya miƙo mini. Babu. Mai gyaran inji ya goge hannu ya duba tasa. Babu. Wani dattijo ma ya duba. Babu. Na ce to dukanku wayoyinku sun lalace, ga tawa. Na buɗe na ɗaga sama kowa ya gani, ga rubutu, ga kore. Mai gyaran inji ya ce in kunna data mu ga. Na kunna da ƙarfin zuciya, don na san gaskiyata.

Shafin ya ɗan motsa. Wani zobe ya juya. Sai rubutuna ya ɓace, a gaban idona, a gaban idon kowa, kamar an shafe allo da jiƙaƙƙen tsumma. Ba bayani, ba ban haƙuri. Wurin da yake ya zama fari fat.

Ashe a fadama sabis ba shi da ƙarfi. Saƙon bai taɓa barin wayata ba. Kwana da kwanaki ina kallon abin da ni kaɗai ke ganin sa a duniya.

Taubashina ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Yau ga 'yar boko! Kin aiki waya, waya ta zauna ta ci goron!" Sauran ma suka kwashe. Ni kuwa na ɗaure wayata na juya zan tafi. Da ya ga haka sai ya tsaya. Ya dube ni, ya dubi gabas.

Ya ce, "Ta nuna sosai?"

Na ce, "Zuba takai."

Ya ce yau kam ba a samun kowa, maza sun watse, wasu suna gonakinsu, wasu sun tafi kasuwannin ƙauye. Na ce to tuwon fa, in zuba wa gulbi? Ya sosa gemu, can sai ya ce in koma in sa a juyo da amalanken, a kai abincin ƙofar masallacin unguwa kafin azahar, kuma kada in ce wa kowa komai.

A hanya na kira 'yata. Wannan karon da baki, ba da rubutu ba. Abin da na faɗa mata ba duka zan maimaita a nan ba. Na dai ce ta gaya wa mijinta abin da ya ƙera maƙaryaci ne, ya dube ni ido da ido ya ce an aika alhali ba a aika ba, kuma in shinkafata ta nutse, su shirya ciyar da ni shekara.

Da aka sallame azahar ina laɓe a zauren wani gida ina kallo. Maza suka fito suka ga kwanoni jere, ga taubashina yana cewa bismillah, a zauna. Ba wanda ya tambayi dalili, an ɗauka sadaka ce. Suka ci tuwo, suka bi da hoce, aka dama fura aka zagaya da ludayi. Sai da ya ga an fara suɗe hannu sannan ya miƙe ya gyara murya.

Ya ce, "Kowa ya ƙoshi? Alhamdu lillahi. To, tuwon gayyar ɗiyar kawuna ne kunka ci. Gobe da sassahe kowa da laujenai, fadama."

Wuri ya kaure. Wani ya ce, "Wanga ai tarko ne!" Wani ya ce, "Ina anka taɓa cin gayya kahin aiki?" Taubashina ya ce yau an fara, wanda bai yarda ba ya mayar da abin da ya ci. Aka yi ta dariya. Amma na san mutanenmu. Wanda ya ci abincinka da sunan aiki ba zai iya haɗa ido da kai a hanya ba in bai zo ba.

Washegari da na isa gona na tarar har an fara. Sun ma fi yawan da na yi zato, don labarin ya zagaya gari, wasu sun zo ne kawai su ga matar da waya ta yaudara. Suka faro daga gangare, wajen gulbi, inda ruwa ke fara ci. Masu yanka na yanka, masu ɗauri na ɗauri, wasu na kwasa zuwa tudu ana rufewa da tamfol. Can cikin layi na hango wani da wandon ofis a naɗe har gwiwa, yana riƙe da lauje kamar mai riƙe da biro. Surukina ne. Ashe tun jiya da yamma suka taso daga Anka shi da 'yata, suka ratso ta ƙasar Bukkuyum, suka kwana wajen abokinsa, da safe ya sauke ta gidana bayan na fita. Na kau da kai kamar ban gan shi ba, shi ma ya sunkuyar da nasa. Haka ake yi. Tun da ya auri 'yata ban taɓa yi masa magana kai tsaye ba, shi ma bai taɓa ɗaga ido ya dube ni ba.

Bayan azahar iska ta juya. Wani sanyi ya taso, gabas ta haɗe baƙi ƙirin. Taubashina ya daina wasa, ya dinga tsawa a yi sauri. Ni da kaina na ɗaure ɗankwali a ƙugu na shiga kwasar dami. Ruwan ya sauko saura wani yanki daga sama, wanda ba a kai gare shi ba. Iska ta kwantar da shi, ƙwayar ta zube cikin laka, kafin la'asar ruwa ya kwanta a kai. Wannan yankin na rasa shi. Da an yi yankan ranar Laraba da ba a rasa ko zangarniya ba. Amma mafi yawan shinkafar tana kan tudu a rufe, a bushe. Na tsaya cikin ruwan sama jiƙe sharkaf ina kallon tarin, na ce Alhamdu lillahi, kuma har zuciyata na faɗa.

Da yamma, ruwa na yayyafi, surukina ya zo gaisuwa. Ya durƙusa a zaure. Ni ina daga ciki, bakin ƙofa, 'yata na tsakaninmu. Tazarar ba ta fi a miƙa hannu ba, amma sai ta bakinta za a yi magana.

Na ce, "Tambaye shi, mi ya sa abin nan nashi ya yi mini ƙarya."

Ta ce, "Inna, ai shina ji."

Na ce, "Na ce ki tambaye shi."

Ya yi magana yana kallon ƙasa. Ya ce ta ce wa Inna ya yi kuskure, kuma ya ji ciwon abin da ya faru. Amma da farko ba haka ya yi shafin ba. Da farko in mutum ya danna, shafin tsayawa yake sai saƙon ya isa babbar kwamfutar da ke rarrabawa, ta amsa cewa ta karɓa, sannan ya nuna. Da irin sabis ɗinmu, sai mutum ya yi ta kallon zobe yana juyawa. Wasu su ɗauka ya lalace su yi ta dannawa, sanarwa ɗaya ta yi ta faɗo wa mutane har su gaji. Wasu su yi tsaki su rufe, su ce abin banza ne. Shi ya sa ya mayar da shi mai kyautata zato: da ka danna ya nuna maka an gama, shi kuma ya ƙarasa aikin daga baya, tunda kusan kullum saƙon yana isa. In bai isa ba sai ya janye rubutun. Abin da bai kawo a ransa ba shi ne mutumin da zai kashe data nan take, ya tafi da koren a bakin zane.

Gaskiya na gane maganarsa, don ni ma da na ga zoben nan yana juyawa da na jefar da wayar a gulbi. Amma ban sauko ba. Na ce, "Ce mishi, wanda anka aika kasuwa, tun shina bakin ƙohwa sai ya ce ya dawo?"

'Yar nan tawa, da yake jinina ce, ba ta isar da saƙon ba. Sai ta juyo ta ce, "Inna, ke ma fa kin tuƙa tuwon mutum nawa ba ki ga ko ɗaya ba. Ba kyautata zaton ba ne?"

Ta kama ni. Mu ma haka muke rayuwa: ka ji baƙo na hanya ka ɗora tukunya, ka ga hadari ka fitar da iri. In sai komai ya tabbata za a motsa, ba abin da za a yi a duniya. Amma can sai amsar ta zo mini. Na ce, "Na tuƙa, amma ban ce sun ci ba."

Sai na ji wata 'yar dariya ta kuɓuce daga zaure, aka yi maza aka mayar da ita tari. Ya ce ta ce wa Inna gyaran ke nan. Rubutu zai ci gaba da hawa nan take don kada mutum ya tsaya jira, amma ba zai ƙara cewa an aika ba sai an aika. Zai ce yana hanya. In ya isa ya zama kore. In ya kasa, ba zai ɓace a ɓoye ba, zai tsaya da ja, ya faɗa da baki cewa bai tafi ba, a sake.

Da ya tashi tafiya na hangi tafin hannunsa, duk ya yi ƙulu-ƙulu da ruwa, wani wurin ya fashe. Na ɗauko man kaɗanya na ba 'yata ta miƙa masa. Sannan, ban san lokacin da ya fito ba, na ce, "Sannu da aiki." Ba ta bakinta ba. Shi na ce wa. Ya durƙusa har ƙasa ya amsa, ya fita da sauri har yana tuntuɓe da dokin ƙofa. 'Yata ta dube ni baki buɗe. Na ce ta rufe kafin ƙuda ya shiga.

Ya cika alkawari. Kafin a sha ruwan farko na azumi shafin ya canza, kuma na ci gaba da amfani da shi, ban yi fushi da karatuna ba. Shinkafar da aka tsirar ta kai ni har wata shekara, na yi sadaka, na aika wa Anka da buhu. Taubashina kuwa har yau bai bar ni na huta ba, ko a gidan biki muka haɗu sai ya tambaye ni ko an aika.

Abin da wannan rana ta koya mini shi ne, kyautata zato ba laifi ba ne, da shi ake noma, da shi ake zama da mutane. Laifin shi ne ka ba zato sunan tabbas. In abu yana hanya, ka ce yana hanya. In ya lalace, ka koma da ƙafarka ka gaya wa mai shi tun yana da lokacin gyarawa, kada ka share sawu ka yi shiru. Ni kuma daga nawa ɓangaren, in magana ta shafi abincin shekara, ba na ƙara tambayar wanda na aika. Wanda na aika wa nake tambaya.